Abin da ya tsayar min da shagon dizain da ƙafarsa a Kano

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina so in rubuta wannan labarin saboda ƙannenmu da suke shigowa harkar dizain yanzu, kullum sai wani ya tare ni ko ya turo min saƙo wai Yaya wanne zan fara koya, Corel ko Photoshop, wace laftof zan saya. Ina ba su amsa daidai gwargwado, amma a raina na san ba a nan gizo yake saƙar ba. Na ga waɗanda suka fi ni iya hannu nesa ba kusa ba sun rufe shago sun koma jan Adaidaita, kuma wallahi ba rashin iyawa ce ta kore su ba.

Ni haifaffen Gwammaja ne. Mahaifina ɗan kasuwar Kantin Kwari ne, atamfa da shadda yake sayarwa, ba wani babban dila ba, ɗan shago ne dai da Allah ya rufa mana asiri da shi. Da na gama sakandare aka kai ni wani shagon kwamfuta ina buga takardu da fotokwafi, daga nan wajen 2014 na koma hannun wani maigida a tsakanin Fagge da Sabon Gari inda masu injin buga takardu suke da yawa. A wajensa na koyi CorelDRAW, na koyi yadda ake raba kala a fitar da filet, wato farantin da ake ɗaura wa injin bugu, na san bambancin aikin da za a kai injin bugu na Kord da wanda za a buga a injin DI da wanda za a ja a fileks, wato babbar ledar talla da ake ratayawa. Har gobe ban ga mai hannu irin nasa ba, mutum ne da zai kalli tambarin kamfani a jikin tsohuwar leda duk ta yamutse ya zana maka shi sak kafin ka gama shan shayi. Duk abin da na zama a wannan sana'a bayan Allah shi ne.

To abin da ya faru da shagonmu a 2019 shi ya buɗe min ido. Tun daga zaɓen fidda gwani a ƙarshen 2018 aiki ya ɓarke, fosta, fileks, sitika, hula, riga, kowane ɗan takara da yaransa, mu kwana a shago mu tashi a shago. Kuɗi na shigowa kam, amma wanda ake bin bashi ya fi wanda yake shigowa yawa, domin yaron ɗan takara zai zo ya ajiye ɗan abin da ya ajiye yace Oga a buga, Honorabul yace ragowar sai an dawo daga Abuja. Maigida mutum ne mai kunya da yarda, sai ya je wajen mai takarda ya ɗauko rim-rim bashi da sunansa. Kuma kun tuna yadda zaɓen ya kasance, wanda za a yi 16 ga Fabrairu cikin dare aka ɗage shi zuwa 23, na gwamna da 'yan majalisar jiha ya koma 9 ga Maris, a Kano kuma aka ce inkonkulusib sai 23 ga Maris. Duk ɗagawar da aka yi sai a dawo a ce a ƙara bugawa, an yayyage na baya, bashi kan bashi.

Da aka gama, wanda ya faɗi ya kashe waya, wanda ya ci kuma ganinsa ya zama aiki. Mai takarda shi ba ruwansa da wa ya ci wa ya faɗi, kuɗinsa yake so kuma yana da gaskiya. Ina tsaye aka zo aka ɗaga injin fileks ɗinmu aka sa a mota. Amma abin da ya fi ci min rai ba wannan ba ne. A watannin kamfen ɗin nan duk ƙananan kwastomominmu mun sallame su ba da gangan ba, mai katin biki, mai makarantar Islamiyya, mai lebul ɗin burodi, kowa ya zo sai a ce ya dawo jibi aiki ya yi yawa, jibi ta yi a ce gata. Akwai wata dattijuwa da ta yi ta sintiri kan katin bikin 'yarta, ranar ƙarshe ta tsaya a bakin ƙofa tace ɗana in ba za ku yi ba ku faɗa min gaskiya in nemi wani waje, biki saura mako ɗaya. Ba ta sake dawowa ba. Da guguwar siyasa ta wuce muka waiga babu kowa, duk sun samu wasu shagunan.

Bayan Ƙaramar Sallah ta wannan shekarar na nemi izinin maigida zan gwada tsayawa da ƙafata, ya sa min albarka, har ya ba ni filash cike da ayyukansa da salon rubutu kala-kala da ya tara shekara da shekaru. Jarina laftof ɗaya ce tsohuwa da rabin shago da muka raba haya da wani mai gyaran waya.

Kafin in buɗe na je na sami Baba da daddare bayan Isha'i yana zaune a soro da littafin cinikinsa. Na zata addu'a kawai zai yi min in tashi. Sai yace zauna. Yace su waye za su kawo maka aiki? Nace Baba kowa da kowa, duk mai son dizain. Yace kowa da kowa ba kwastoma ba ne, faɗa min mutum. Yace a wane wata suke zuwa, a wane wata suke ɗaukewa, kuma watan da suka ɗauke me za ka ci? Na yi shiru. Sai ya buɗe littafin nan ya nuna min, yace kaga mu a Kwari kayan Sallah tun Rajab muke maganarsu, wanda ya bari sai azumi ya kama sannan ya tashi neman kaya to ragowar wasu zai saya da tsada, tela ma da ka gani goma ga azumi ya daina karɓar ɗinki lissafi ya yi. Yace je ka rubuto min shekararka a takarda ka kawo min in gani.

Na sayi littafi mai bangon kwali irin na 'yan kasuwa, na ja layi biyu, watannin Musulunci a gefe na Bature a gefe, na zauna ina tuno duk aikin da na taɓa gani ya shigo shagon maigida da lokacin da ya shigo. Abin mamaki sai ga shekarar ta fito fili kamar an zana ta. Rajab da Sha'aban bukukuwa ne, kowa na son a ɗaura kafin azumi, ga katin gayyata ga sitikar da ake mannawa a kofuna da robobi da jakunkunan rabo, kuma a lokacin ne Islamiyyu da yawa suke saukar Alƙur'ani, ga shahada ga fileks ga kalandar ɗalibai. Azumi na kamawa biki ya tsaya cak, sai jadawalin sahur da buɗa baki da 'yan kasuwa suke sa tallarsu a ƙasa, sanarwar tafsiri, masu abincin buɗa baki, can wajen goman ƙarshe kuma teloli da masu huluna da takalma da masu lalle. Bayan Sallah biki ya dawo. Zulƙida kamfanonin jirgin yawo da masu kayan alhazai, sai masu raguna. Rabi'ul Awwal Maulidi da Takutaha. Ta ɓangaren watannin Bature kuma, Yuli makarantun kuɗi suna yaye ɗalibai, Agusta da Satumba tallar ɗaukar sababbi da katin shaida da takardar sakamako, Nuwamba da Disamba kalanda. Kuma da yake shekarar Musulunci tana ja baya da kusan kwana 11 duk shekara, wani lokacin kaka biyu sai su haɗu a wata ɗaya su danne ka, wani lokacin kuma a samu rami a tsakani babu komai, duk wannan in ka duba tun farkon shekara za ka hango shi.

Daga nan na daina zaman jiran wanda Allah zai jefo. Wata guda ko fiye kafin kowace kaka ni nake zuwa. In shiga ofishin shugaban makaranta tun ana tsakiyar zango na uku in gaishe shi in ce Malam bikin yaye ɗalibai ya matso, in aka ba ni sunaye da hotuna yanzu za a yi shi a nutse kuma zai fi sauƙi. Wasu su ce sai sun yi shawara, wasu su ba ni a take, domin su ma abin yana damunsu, sun gaji da karɓar aiki ranar biki da safe da sunan yaro a karkace uwarsa na faɗa. Akwai abokan sana'a da suke min dariya wai na mayar da dizain talla gida-gida, wani ma yace min arziki na Allah ne duk wannan lissafin na meye. Nace masa na Allah ne, shi ya sa nake fita nemansa da wuri.

Ban daɗe da fara ganin haske ba sai ga korona. Tsakiyar Afrilun 2020 aka rufe Kano ana saura 'yan kwanaki a ɗauki azumi, makarantu a kulle, taron biki babu, aikin Hajji ma a shekarar ba a je daga waje ba. Rabin abin da na rubuta a littafina ya tashi a banza. Abin da ya cece ni shi ne ɗan abin da nake warewa tun daga aikin farko saboda watan rami, shi muka ci ni da iyalina. Kuma zaman gidan ya sa na lura da wani abu, matan aure da 'yan mata sun cika WhatsApp da Instagram da sana'a, turaren wuta, humra, yaji, dambun nama, zoɓo, kunun aya, cincin, kayansu masu kyau amma a roba tsirara ko da 'yar takarda an rubuta da biro. Nace waɗannan su ne mutanen da Baba yake tambayata. Ba sa jiran zaɓe, ba sa jiran Sha'aban, in kaya ya ƙare dole su sake buga lebul.

Bari in ba ku labarin guda ɗaya a cikinsu don ku gane me nake nufi da tsari kafin a taɓa kwamfuta. Wata Hajiya ce mai haɗa turaren wuta da humra, ƙawar yayata, ta turo min hoton wani kwalin turare na Dubai tace irin wannan sak take so, ruwan gwal ko'ina. Nace Hajiya in ba damuwa a aiko min da kwalaben tukuna, kowane girma ɗaya ɗaya, da humrar a ciki. Tace ikon Allah, kai da za ka yi zane me za ka yi da humra? Nace Hajiya ki dai yi haƙuri a aiko. Da aka kawo na auna kowace kwalba da tef, na yanka farar takarda na naɗa a jiki don in ga inda rubutu zai tsaya in an ajiye ta a kanta, sannan na ɗiga humrar a kan sitikar takarda da aka saba amfani da ita na bar ta ta kwana. Da safe ta jiƙe ta yi dabbare-dabbare, tawadar ta narke. Na ɗauki hoto na tura mata nace Hajiya kin ga abin da zai faru a jakar amarya in kwalba ta ɗan yi yoyo, sai dai mu yi da sitikar roba a yi mata laminashin, ta fi tsada kaɗan amma ba za ta ba ki kunya ba. Na tambaye ta su wa suka fi saya, tace iyayen angwaye da amare ne masu haɗa lefe da kayan gara, da masu tafiya da tsaraba Abuja da Nijar. Na tambaye ta kala nawa take haɗawa, tace yanzu shida amma tana ƙarawa. To da na yi mata lebul shida daban-daban, duk ranar da ta ƙirƙiro sabon haɗi sai ta sake biyan dizain da bugu, sai na yi guda ɗaya da sunanta da lambar wayarta manya yadda dattijuwa za ta karanta ba tabarau, na bar fili a ƙasa da za a manna ƙaramin sunan kowane haɗi. Ruwan gwal ɗin ma na sa, amma siriri a gefe. Da farko ba ta so ba, tace ya yi mata fayau. Nace a buga kaɗan a gwada. Yau shekara nawa ke nan, ita da ƙawayenta da ta turo min su ne ƙashin bayan shagona, wasu ma wata-wata suke biyana ina shirya musu hotunan da za su ɗora.

Tun daga kanta na mayar da shi doka, ba na buɗe Corel sai na san wa zai ga aikin, a ina zai gan shi, a waya ne ko a bango ko a jikin roba, yaushe ake buƙata, nawa mai shi ya ware. Fileks ɗin da za a rataya a titin Zoo Road mai mota zai wuce shi a guje, kalma biyar ta ishe shi, amma mai aiki zai so a zuba masa tarihin shagonsa gaba ɗaya, aikinka ne ka lallashe shi. Haka maganar kala, abin da kwastoma yake gani a waya RGB ne, haske ne, injin bugu kuma CMYK yake sha, tawada ce, shuɗin da yake ƙyalli a waya in ya fito a takarda sai ya dushe, to kafin a buga dubu sai na fitar da samfur ɗaya ya gani da idonsa, ya duba sunaye da lambobi da kwanan wata, ya rubuto min na amince a WhatsApp. In akwai Larabci sai na kai wa malami ya duba, kuma ina ba masu biki shawara kada a sa aya a katin da za a gama a yar a ƙasa ana takawa, yawanci suna karɓa har su yi godiya. In Hausa ce kuma ina zaɓar salon rubutun da yake da ƙ da ɗ da ɓ, don da yawa ba su da su, sai ka buga ka ga akwati a tsakiyar suna.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce take kashe yawancinmu. Kuɗin da kwastoma ya turo na bugu ba naka ba ne, na mai takarda ne da mai inji, amma da yake alat ɗin a wayarka ya shigo sai shaiɗan ya raya maka ka yi kuɗi. Na yi rajistar sunan kasuwanci a CAC na buɗe asusun shago daban, na yanka wa kaina albashi kamar ma'aikaci, ragowar na haya ne da gyara da ajiyar watan rami. Kafin alƙalami kashi 70 cikin 100, gyara sau biyu kyauta na uku da kuɗinsa, kuma ina faɗa tun farko da fara'a don kada a zo ana jin nauyi. 'Yan uwa da abokai su ne masu wuya, Yaya ɗan yi min fosta mana ai minti biyar ne. Na ware musu yammacin Juma'a, wanda zai iya jira in yi masa don zumunci, mai gaggawa ya biya kamar kowa.

Da zaɓen 2023 ya matso na riga na yanke shawara tun kafin a fara. Zan yi aikin siyasa, halal ne kuma akwai kuɗi, kowace jam'iyya ta zo bismillah, amma ba zai ci fiye da rabin lokacina ba, kuma kuɗi cif kafin a fitar da filet. Wani dare wani ya zo da mota mai baƙin gilashi, aiki babba, ya ajiye kwata yace ragowar bayan zaɓe. Nace Yallaɓai ka yi haƙuri tsarin shagon ne haka. Yace kai ka san ko waye Honorabul kuwa? Nace na sani Yallaɓai, Allah ya ba shi nasara, amma mai takarda ba ya ba ni bashi. Ya kwashe kuɗinsa ya fita ransa a ɓace, ya kai wani shagon aka karɓa. Ba zan ɓoye muku ba na ji zafin kuɗin nan a daren, don a lokacin ga wahalar canjin kuɗi, takardar naira ta ɓace mutane na kwana a layin banki da wajen masu POS. Amma waɗanda suka yarda da sharaɗin sun biya, kuma ko Hajiya ɗaya ban ce wa ta dawo jibi ba.

Ribar kamfen ɗin ban taɓa ta ba, sola na haɗa, fanel da batir da inbata daidai laftof biyu da ƙaramar firinta da fanka. Ban san me ke tafe ba, kawai dai a littafina na ga man janareto ne yake cinye kaso mafi girma bayan haya. Sai ga 29 ga Mayun 2023 an ce tallafin mai ya tafi, lita daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a watan Yuni aka saki naira kasuwa ta yanka mata farashi, farkon 2024 dala ta wuce naira 1,500. Mu kuwa kusan komai namu daga waje yake zuwa, takarda, tawada, fileks, filet, tunda masana'antun takardar da aka gina a Jebba da Iwopin da Oku Iboku sun daɗe ba sa wadatar da ƙasar. Farashin rim sai ya canza tsakanin safe da yamma. Wanda ya karɓi aikin kalanda da tsohon farashi ya zo bugawa bayan sati biyu, daga aljihunsa zai cika. Ni abin da na koma yi, ina rubutawa a ƙasan kowane lissafi cewa wannan farashin na kwana uku ne, kuma adibas na shigowa a ranar nake zuwa in sayi takardar in ajiye, ko da dizain ɗin bai fara ba.

Yanzu kuma ana ta kukan Canva da PixelLab da wannan AI ɗin, wai kowane yaro da waya ya zama mai dizain yana yin fosta a kuɗin data. Gaskiya ne, kuma ni ban ga laifin yaran ba, nema suke, wasunsu ma suna da ido sosai. Tun da na ga alamar haka na janye daga gasar fostar barka da Juma'a da ta murnar zagayowar haihuwa, ba zan iya karya farashi in kai nasu ba kuma ba na so. Na ƙara nutsewa a lebul da kwali da leda, aikin da sai an auna, an san inda za a naɗe da inda wuƙa za ta yanka, an bar wajen lambar NAFDAC da ranar ƙarewa, an je an tsaya a kan mai inji ana duba kala har ta zauna. In aiki ya gagare ni har yau wajen maigidana nake kai shi, in biya shi cikakken kuɗinsa in zauna a gefe ina kallon hannunsa.

A shagon yanzu muna da yara masu koyo, har da ƙanwata da take kula da kwastomomi mata, don wasu sun fi sakewa da ita kuma tana shiga gidajen da ni ba zan shiga ba ta ga kayan da idonta. Duk ranar Asabar da safe kafin a kunna komai muna zama mu buɗe littafi, wane aiki ne a hannu, wa ya biya wa ya rage, wace kaka ce take tafe, wa ya kamata a kira a wannan satin. Duk yaron da ya zo koyo sai ya yi wata yana zama a wannan zaman yana kuma bina wajen masu inji kafin in bar shi ya karɓi aikin kwastoma shi kaɗai. Abin da muke tarawa yanzu kuɗin injin yanka sitika ne, don kai yanka waje yana cin mana kwana guda a kowane aiki, kuma ina so in Allah ya yarda ya shigo kafin hayaniyar zaɓen 2027 ta kankama, lokacin da kowane mai inji a garin nan zai cika da fosta ba mai sauraron lebul ɗin yaji.